Turbo: Yadda yake aiki, abin da ke kashe shi, da yadda yake tafiya da inji idan ya mutu

Ranar wata Lahadi, ranar kasuwar Ɗanbatta, motar kawuna ta yi abin da har yau wasu a ƙauyenmu suke cewa aikin iska ne. Ya sauke fasinja da kayansu, ya kamo hanyar gida, kawai sai injin ya ɗauki kuka shi kaɗai kamar an danne totur har ƙasa. Ya ɗaga ƙafa, kukan bai ragu ba. Ya gangara gefen titi, ya sa giya a firi, ya kashe makulli, ya zare shi ya riƙe a hannu, amma inji na ci gaba da ruri. Farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe hanya, masu babur suka watse. Ba a yi minti biyu ba aka ji wata ƙara mai ƙarfi, sai shiru. Da aka ɗaga bonet, gefen injin ya huje, baƙin mai yana tsiyaya ƙasa.

Motar tsohuwa ce 'yar Turai mai kujera bakwai, mai shan gas, irin waɗanda ake shigowa da su na hannu. Da ita Kawu ke jigila tsakanin Kano, Ɗanbatta da Kazaure, da ita yake ciyar da gida. Sati uku kacal kafin wannan rana aka ɗaura mata wani turbo, bayan na farko ya lalace.

Ni sana'ata rubuta manhaja ce, ba kanikanci ba. Amma da daddare Kawu ya ce da ni, "Kai ɗan nan da kake kwana a kan kwamfuta, bincika mana, me ya ci motar nan?" Na ce, "To Kawu, in sha Allahu." Na shafe makonni ina karanta littattafan gyaran mota, ina kuma zama a gareji ina kallon yadda ake kwance injin. Abin da na fahimta shi ne zan kawo wa mai karatu a nan, domin motoci masu turbo kullum ƙaruwa suke a hanyoyinmu, kuma kuskuren da ya cinye motar Kawu kowa na iya faɗawa cikinsa.

Mene ne turbo, kuma me yake yi?

Inji ba mai kaɗai yake ci ba, har da iska. Kowace mace da ke girki da itace ta san cewa idan wuta ta yi sanyi, fifita ta ake yi. Maƙeri ma da zugazugi yake hura gawayi har ƙarfe ya yi ja. Haka injin mota yake: gwargwadon iskar da ta shiga silinda, gwargwadon man da zai iya ƙonewa, gwargwadon ƙarfin da zai fito. Injin da ba shi da turbo yana zuƙar iska ne da kansa, iya abin da fistin ya jawo. Turbo kuwa zugazugi ne da ke cusa wa inji iska da ƙarfi, fiye da yadda zai iya zuƙa.

Dabarar ita ce, turbo ba ya cin batir, ba ya cin bel. Da hayaƙin da inji ke zubarwa yake aiki. A cikinsa akwai ƙananan fankoki biyu a kan sandar ƙarfe ɗaya. Ta farko tana kan hanyar salansa, hayaƙi mai zafi yana bugun ta tana juyawa. Ta biyu tana kan hanyar shigar iska, kuma da yake sanda ɗaya ta haɗa su, duk juyin da ta farko ta yi ita ma sai ta yi, ta zuƙo iska daga filta ta matse ta, ta tura cikin inji. Iska idan aka matse ta zafi take yi, shi ya sa yawancin motoci ke bi da ita ta cikin wani abu mai kama da ƙaramin lagireto, wato intakula, ta huce kafin ta shiga silinda.

Yanzu ga inda hatsarin yake. Fankar silin da ke ɗaki tana juyawa kamar sau 300 a minti ɗaya. Injin mota a kan titi yana yin sau 2,000 zuwa 3,000. Sandar turbon ƙaramar mota kuwa tana iya kaiwa sau 200,000 a minti, wato sama da juyi 3,000 a cikin daƙiƙa ɗaya. Gefen hayaƙi kuma zafinsa a injin fetur yana iya haura digiri 900 a ma'aunin Salshiyos, har ƙarfen ya yi ja idan an daɗe ana gudu.

Abin da ke riƙe da wannan sanda shi ne wasu ƙananan zobban tagulla da kanikawa ke kira bushi. Sandar ba ta taɓa su kai tsaye. Baƙin man inji ne ke zuwa ta wani siririn bututu, ya shiga tsakaninsu, sandar ta riƙa yawo a kan man kamar kwalekwale a kan ruwa. Man ne ke hana guga, shi ne kuma ke kwashe zafi. Idan ya yanke na daƙiƙa biyar kawai alhali turbo na cikin gudu, sandar ta yi juyi sama da 15,000 ƙarfe a kan ƙarfe.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sani shi ne bawul ɗin saki. Idan matsin iska ya kai iyakar da kamfani ya tsara, wannan bawul yana buɗewa ya karkatar da wani ɓangare na hayaƙi ya wuce ba tare da ya bugi fanka ba. Shi ne birkin turbo.

Daga jirgin ruwa zuwa motar tsere

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar wannan fasaha a shekarar 1905. An fara cin moriyarta a manyan injinan jiragen ruwa da na sama. Ba ta shiga ƙananan motocin sayarwa ba sai 1962, lokacin da kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair masu turbo. Jetfire ba ta yi tsawon rai ba. Injinta yana buƙatar a riƙa zuba masa wani haɗin ruwa da sinadarin metanol don kada ya yi zafi fiye da kima, masu motar kuma suna mantawa. A 1963 aka daina ƙera ta.

Motar da ta fito da sunan turbo a idon duniya ita ce Porsche 911 Turbo ta Jamus, wadda ake kira 930. An nuna ta a baje kolin motoci na birnin Faris a 1974, aka fara sayarwa a 1975. Injinta mai lita 3.0 yana ba da ƙarfin doki 260, alhali 'yar'uwarta Carrera 3.0 mai girman inji ɗaya amma babu turbo tana ba da 200. A 1978 aka ƙara girman injin zuwa lita 3.3, aka sa mata intakula, ƙarfin ya kai 300. Direba zai taka totur ya ji shiru na ɗan lokaci, sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar an harba shi, idan a kwana ne sai bayan motar ya juya. Saboda haka Turawa suka yi mata laƙabi da ma'anar "mai sa mata takaba".

Abin da ya shafe mu a labarinta shi ne, turbon 930 baƙin mai kaɗai ke sanyaya shi, babu ruwa. Injin kuma ba shi da na'urar da ke jin ƙarar bugun fistin ta rage wuta da kanta. Duk wanda ya riƙe irin waɗannan tsofaffin motocin tsere ya san ƙa'ida: kada ka kashe ta nan take bayan gudu, kada ka yi wasa da juye. Sai a tsakiyar shekarun 1980 aka fara yawaita turbo mai bututun ruwa. Porsche 944 Turbo ta 1985 har ƙaramin famfon lantarki gare ta, da ke ci gaba da zagaya ruwa a cikin turbo bayan an kashe inji.

A 1975 ɗin da 930 ta fito, a nan gida kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, aka cika hanyoyin Arewa da Fijo 504. Injin 504 ba shi da turbo, kuma yana da haƙuri: ko man ya tsufa, ko filta ta huje, zai ja ka ya kai ka. A kan irin waɗannan injina yawancin iyayen gidan kanikawanmu suka koyi aiki, direbobinmu suka koyi riƙon mota. Yau kuwa tireloli irin su DAF da MAN da Howo duk masu turbo ne, haka da yawan Hilux masu shan gas, da manyan janaretoci, da wasu taraktoci. Golf da Sharan masu alamar TDI ko 1.8T suna da shi. Honda ta sa injin 1.5 mai turbo a Civic ta 2016 da Accord ta 2018. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane suka koma neman ƙaramin inji marar shan mai, kuma da yawan ƙananan injinan zamani turbo ne ke ba su ƙarfi. Injinan sun canja, amma yadda muke riƙonsu yana nan irin na zamanin Fijo.

Abubuwan da ke kashe turbo

Da wuya turbo ya mutu haka kawai. Kusan kullum akwai abin da ya kashe shi, kuma abin yana wani wuri dabam a jikin motar.

Na farko, yankewar mai. Bututun da ke kai wa turbo mai siriri ne, kuma yana bi ta kusa da wuri mafi zafi a inji. Idan ana jinkirta juye, man yana yin kauri ya daskare a ciki, hanyar ta riƙa tsukewa. Wasu motocin akwai ɗan rariya a cikin kusoshin bututun, ita ma tana toshewa. Akwai kuma bakaniken da zai shafa gam a bakin bututun maimakon gasket, gam ɗin ya ɓalle ya toshe ramin.

Na biyu, gurɓataccen mai. Baƙin man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ba ka san daga ina ya fito ba, wani tsohon mai ne aka tace aka sake sayarwa. Ƙwayar yashi ko ɓarɓashin ƙarfe da babban inji zai jure, a wurin bushin turbo takardar goge katako ce. Haka nan zuba mai kauri irin 20W-50 a motar da littafinta ya ce 5W-30 ko 5W-40, da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. Da asubar hunturu, man mai kauri yana daɗewa kafin ya isa turbo.

Na uku, kashe mota da zafinta. Direba ya taho daga Kano a guje da cikakken lodi a watan Afrilu, ya shigo tasha, ya murɗa makulli nan take. Famfon mai ya tsaya, amma gefen hayaƙi na turbo yana nan da zafinsa. Zafin sai ya ratsa sandar ya dafa ɗan man da ya rage a kan bushi, ya mayar da shi gawayi. Sau ɗaya ba ya kashewa. Sau ɗari yana kashewa.

Na huɗu, ƙura. Mu da ke zaune a karkara, daga an sauka daga kwalta an kama hanyar gona ko ta wajen madatsar ruwa ta Thomas, ƙura ce har cikin hanci, balle lokacin hunturu. Fankar da ke zuƙar iska ta alminiyom ce, mai laushi. Idan filtar iska ta yage, ko an cire ta an yar don wai mota ta samu numfashi, ko tiyon da ke tsakanin filta da turbo ya tsage, yashi zai riƙa cin gefen fukafukan fankar. Da zarar wani gefe ya fi wani nauyi, sandar ta fara rawa, bushi ya buɗe. Filtar da ta toshe ita ma matsala ce: turbo yana zuƙa bai samu iska ba, sai ya jawo baƙin mai daga cikin kansa. Ɗan noti ko tsumma da aka manta a cikin tiyo lokacin gyara kuwa, daƙiƙa ɗaya ta ishe shi.

Na biyar, wuce iyaka. Idan bawul ɗin saki ya maƙale a rufe, ko wani ya ɗaure shi da waya don motar ta ƙara ja, ko an taɓa manhajar kwamfutar motar ba da sani ba, turbo zai yi gudun da ya fi ƙarfinsa. Tsagewar tiyo bayan turbo ma na jawo haka, domin yana ta ƙoƙarin cika abin da ke zurarewa.

Yadda mutuwar turbo ke cinye inji

Idan batir ya mutu, mota tsayawa kawai za ta yi. Turbo kuwa yana haɗe da hanyar iskar inji da hanyar mansa gaba ɗaya, don haka duk abin da ya fashe a cikinsa yana da hanyar shiga zuciyar injin.

Idan bushi ya buɗe, fanka ta fara gugar bangon gidanta, fukafukai su karye. Gutsattsarin na gefen iska suna bin tiyo su shiga intakula, ƙananan su wuce cikin silinda, su karce bango, su lanƙwasa bawul, su farfasa kan fistin. Na gefen hayaƙi sun fi sauƙi, domin salansa suke bi, sai dai su lalata matatar hayaƙi da kanikawa ke kira indomi.

Ɓarɓashin tagullar bushi kuma yana bin bututun komawar mai ya sauka cikin tukunyar mai ta ƙasan inji. Daga nan famfo ya ɗauke shi. Abin da filta ta kasa tarewa yana isa ga mital ɗin kirankishaf, bayan 'yan makonni a ji inji ya fara buga ƙara.

Idan bawul ɗin saki ne ya maƙale a injin fetur, iska ta yi yawa, zafi ya yi yawa, fetur ya riƙa fashewa kafin lokacinsa. Wannan na iya huda fistin ko ƙona gasket ɗin tof silinda. Sababbin motoci kwamfuta na rage ƙarfi ta ceci injin. 

Sai zubar mai. Abin da ke tare mai a cikin turbo ba roba ba ce, ƙananan zobban ƙarfe ne irin ringin fistin, kuma suna aiki ne muddin sandar tana tsaye daram. Da ta fara rawa, mai zai tsallake. Idan ta gefen hayaƙi ya bi, ya ƙone a salansa, man inji ya riƙa raguwa har ya ƙare ba a sani ba. Idan ta gefen iska ya bi, ya taru a cikin intakula. Ranar da ya taru da yawa aka taka totur, iska ta kwaso shi gaba ɗaya zuwa silinda. Mai ba ya matsuwa kamar iska, don haka idan ya yi yawa fistin zai doke shi kamar ya doki dutse, kwanrod ya lanƙwashe.

A injin gas akwai abin da ya fi haka muni, shi ne abin da ya sami Kawu. Injin fetur yana buƙatar tartsatsin fulogi, ka kashe makulli ka kashe wuta. Injin gas ba shi da irin wannan fulogi. Matse iska yake yi har ta yi zafi, duk abin da ke cin wuta da ya shigo sai ya kama. Makulli gas kawai yake yankewa, kuma tsofaffin injinan ba su da murfin da ke rufe hanyar iska. To idan baƙin mai ya fara shigowa ta hanyar iska, inji ya samu wani abincin da makulli ba shi da iko a kansa. Yana ƙona man, gudu ya ƙaru, hayaƙi ya ƙaru, turbo ya ƙara juyi, ya ƙara turo mai. Mu masu manhaja mun san irin wannan: umarnin da ke ta maimaita kansa ba a rubuta masa sharaɗin tsayawa ba, sai kwamfuta ta sandare. A mota, sai man ya ƙare ko wani ƙarfe ya karye.

Da aka kwance motar Kawu, bututun da ke kai wa turbo mai ya kusa toshewa da gawayi, da kyar ake hura iska ta ciki. Shi ne ya kashe turbon farko. An ɗaura na biyu a kan wannan bututun, ba a canja shi ba, ba a kuma wanke intakular da turbon farko ya riga ya zuba wa mai ba.

Idan inji ya ƙi mutuwa

Idan hakan ta faru da kai, lokacinka kaɗan ne. Ka gangara gefe ka tsaya, fasinja su fita su yi nisa. Idan motar mai kuloci ce, ka taka kuloci, ka sa giya mafi girma, ka ja birkin hannu, ka danne birkin ƙafa da iya ƙarfinka, sannan ka saki kuloci. Sau da yawa injin zai shaƙe ya mutu. Ko kuloci ya ƙone, ya fi inji araha. Motar da ke canja giya da kanta ba a yi mata wannan.

Hanya ta biyu ita ce toshe iska da abu mai ƙarfi mai faɗi kamar katako, a bakin hanyar shigarta, ko fesa na'urar kashe gobara mai iskar CO2 a wurin. Kada ka sa tafin hannunka, kada ka sa riga ko tsumma, zuƙewa zai yi. Idan ba ka san inda bakin yake ba, ko kukan ya riga ya kai ƙarshe, ka bar wurin. Ƙarfen da ke fasa gefen inji yana iya samun mutum. In Allah Ya sa ya mutu, kada a sake tayar da shi, a ja motar zuwa gareji.

Alamomin da ke zuwa kafin ɓarna

Turbo mai lafiya yana da ɗan siririn fito da ba ya damun kunne. Idan fiton ya koma kamar jiniyar motar asibiti, yana hawa yana sauka tare da totur, fanka ta fara taɓa bango. Sauran alamomin su ne shuɗin hayaƙi, musamman bayan mota ta daɗe a silo, da raguwar baƙin mai ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba, da rashin ja a hawa, da baƙin hayaƙi a motar gas saboda ƙarancin iska. Motar Kawu ta nuna uku daga cikin waɗannan, aka ce ai sabon turbo ne, zai zauna.

Akwai gwajin da bakanike zai yi a gabanka cikin minti goma, inji a kashe kuma a huce. A cire tiyon da ke shiga turbo, a haska fitilar waya a duba fukafukai. A kama kan sandar a girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne muddin fanka ba ta taɓa bango. Motsin ciki da waje kuwa bai kamata a ji shi sosai ba. Sannan a cire tiyon ƙasan intakula. Ɗan danshin mai abu ne da aka saba gani, amma idan ya zubo kamar daga kofi, kada motar ta bar garejin.

A lura, ba duk man da aka gani a turbo ne laifinsa ba. Idan ringin fistin ya cinye, ko bututun numfashin inji ya toshe, ko bututun komawar mai ya lanƙwashe, man zai rasa hanyar sauka ya ɓullo ta turbo mai lafiya.

Inda waya za ta taimaka

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001 da masu gas daga 2004, suna da wata kafa mai ramuka 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, ana kiranta OBD2. Akwai ƙaramar na'ura mai suna ELM327 da ake soka wa a wurin, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Da manhaja irin Torque ko Car Scanner za ka karanta abin da kwamfutar motar ke gani. Lambar P0299 na nufin matsin iska bai kai yadda ake so ba, P0234 kuma ya wuce iyaka.

Abin da na fi amfana da shi shi ne kallon ma'aunin matsin iska kai tsaye. Ka kunna makulli ba ka tayar da inji ba, a yankinmu zai nuna kusan 95 kPa, wato nauyin iskar sararin sama. Duk abin da ya haura wannan lokacin tafiya aikin turbo ne. Ka sa wani ya riƙe wayar, ka bi hanya ɗaya da lodi iri ɗaya, ka adana sakamakon lokacin da motar ke lafiya. Bayan wata biyu ka sake, ka kwatanta. Sai dai kada a dogara da waya kaɗai, domin kwamfuta ba ta ganin bushin da ke cinyewa ko man da ke taruwa a intakula. Kuma goge lambar kuskure ba gyara ba ne, fitilar ce kawai ka kashe.

Kafin a ɗaura wani turbo

Ko sabo ne ko na Beljiyam aka samo a Ƙofar Ruwa, ka tsaya a kan waɗannan:

1. A gano abin da ya kashe na farko. Sandar da ta yi shuɗi alamar rashin mai ce, wadda ta karce alamar datti a mai, fukafukan da suka cinye alamar ƙura.
2. A canja bututun kai mai, a duba na komawa.
3. A cire intakula da duk tiyoyinta a wanke, a bushe. Idan fanka ta farfashe, canja intakular ya fi.
4. A yi juye, a sa sabuwar filtar mai da ta iska. Idan an ga ɓarɓashin ƙarfe, a sauke tukunyar mai a wanke.
5. A tabbatar lambar da ke jikin turbon ta dace da ta injin. Kama ba ta isa ba.
6. A zuba sabon mai a ramin turbon a juya fankar da yatsa, a murɗa inji ba tare da ya tashi ba har mai ya hau, sannan a bar shi a silo na wasu mintuna.

A kullum kuma, idan ka tayar da mota da safe ka ba ta kamar rabin minti, ka tafi a hankali har ta ɗumama. Bayan doguwar tafiya ko lodi mai nauyi, ka rage gudu kafin ka iso, ka bar ta a silo minti ɗaya zuwa biyu kafin ka kashe. Ka riƙa jan sandar awon mai duk safiya. Mai bin hanyar ƙura ya riƙa juye kafin lokacin da littafin mota ya ce, ya riƙa duba filtar iska duk mako a lokacin hunturu.

Kawu sai da ya sayar da sa ɗaya da wani ɓangare na gyaɗar da ya ajiye kafin ya sayi wani injin, motar ta yi wata biyu ba ta fita ba. Bututun da ya jawo duk wannan, kuɗinsa bai kai na cika tankin motar sau ɗaya ba. Yanzu idan ya shigo gida da yamma, yakan zauna a ciki injin na silo, ya ƙirga cinikin ranar, sannan ya kashe. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da rayukanmu a kan hanya, amin.